Kasuwar hasashe da zaɓen 'yan majalisar Amurka: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato, sai ka ga hotuna na yawo a WhatsApp da Facebook ɗauke da sunan ɗan takara da wata lamba a gefensa: wane kashi 62, wane kashi 38. Da yawa daga cikinmu kan ɗauka ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ce, wasu ma su zaci sakamako ne ya fara fitowa. Sau da dama ba ko ɗaya ba ne daga ciki. Farashi ne daga wata kasuwa da mutane ke zuba kuɗi a kan wanda suke ganin zai ci. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan wannan harka, musamman a mazaɓun da ake yin kankankan.

Mece ce kasuwar hasashe?

Dandali ne a intanet da ake saye da sayar da amsar wata tambaya wadda lokaci ne zai warware ta. Misali: "Shin jam'iyyar Dimokurat za ta karɓe Majalisar Wakilai?" Tambayar na da takardu iri biyu, ta "E" da ta "A'a". Ranar da gaskiya ta bayyana, takardar da ta dace za a biya mai ita dala 1, ɗayar kuwa ta tashi a tutar babu. Kafin wannan rana, farashin kowace takarda na kai-komo tsakanin senti 1 da senti 99, gwargwadon yadda masu saye da masu sayarwa suka daidaita.

Manyan kasuwannin da ake yawan ambata su ne Kalshi, wadda Tarek Mansour da Luana Lopes Lara suka kafa a 2018, da Polymarket ta Shayne Coplan da ta fara a 2020, sai PredictIt da aka buɗe a 2014 ƙarƙashin inuwar Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar New Zealand. Kakarsu duka ita ce ƙaramar kasuwar da malaman Jami'ar Iowa suka buɗe a 1988 domin bincike, inda ba a barin mutum ya zuba fiye da dala 500.

Yaya cinikin yake a aikace?

A ce akwai wata mazaɓa da 'yan takara biyu ke fafatawa, kuma takardar "E" ta ɗan Dimokurat tana kan senti 54. Ka sayi guda 100, ka biya dala 54. In ya ci, za a ba ka dala 100, ribarka 46 ke nan kafin a cire kuɗin dillanci. In ya faɗi, dala 54 ɗinka ta tafi gaba ɗaya, ko ƙwandala ba za ta dawo ba.

Ba dole ne ka jira ranar sakamako ba. In wani labari ya ɓulla, a ce abokin hamayyarsa ya yi katoɓara a muhawara, farashi ya haura senti 70, kana iya sayar da takardunka a dala 70 ka fice da ribar 16. Haka nan in labarin ya juya, farashi ya gangaro senti 30, sai ka zaɓa: ka sayar da asara ko ka riƙe kana zullumi. Abin lura shi ne, duk dalar da ka ci daga aljihun wani ta fito, wanda ya sayi "A'a" a lokacin da kai ka sayi "E". Ba a noma komai ba, ba a ƙera komai ba, kuɗi ne suka tashi daga wannan hannu suka koma wancan, masu dandali kuma suka ɗauki nasu kason inda suke cajin kuɗi.

Me ya sa ake damuwa da kujera ɗaya a cikin ɗaruruwa?

Majalisar Wakilan Amurka na da kujeru 435, kuma duk bayan shekara 2 ake sake zaɓensu baki ɗaya. Mai kujera 218 shi ke da rinjaye. Majalisar Dattawa na da 100, wa'adinsu shekara 6, ana zaɓen kusan kashi ɗaya cikin uku a kowane zagaye. Yawancin mazaɓun an san inda suka dosa tun kafin a buga takardun ƙuri'a, domin yadda aka shata iyakokinsu da yadda mazauna suka karkata. Waɗanda ake gumurzu na gaske a cikinsu ba su wuce 'yan gomomi ba.

Su ne kuma ke yanke wa ƙasar hukunci. A 2022 Rifablikan suka samu 222, Dimokurat 213. A 2024 tazarar ta ƙara tsukewa, 220 da 215. Wato da kujeru uku kacal sun sauya hannu, da shugaban majalisa da shugabannin kwamitoci duk sun koma ɗaya ɓangaren, tare da ikon tsara kasafin kuɗi da binciken gwamnati. Shi ya sa wata mazaɓar manoma da ba a san sunanta a wajen jiharta ba kan zama abin da 'yan kasuwar hasashe ke kwana a kai.

Akwai misalin irin wannan mazaɓa?

Mazaɓa ta 13 a jihar Kalifoniya. Tana tsakiyar kwarin da ake noman almon da kiwon shanun madara, ta haɗa gundumar Merced da sassan maƙwabtanta. A 2022 John Duarte na Rifablikan, manomi mai gandun renon itatuwa, ya kayar da Adam Gray na Dimokurat da ƙuri'a 564. A 2024 suka sake haɗuwa.

An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Nuwamba. A kwanakin farko Duarte ne a gaba. Amma a Kalifoniya ana aika wa kowane mai rajista takardar zaɓe ta gidan waya, kuma muddin tambarin gidan waya ya nuna an aiko ta kafin rufe zaɓe, ana karɓarta ko da ta iso bayan 'yan kwanaki. Kowace ambulan sai ma'aikaci ya ɗauka ya gwada sa hannun da ke bayanta da wanda ke cikin rajista. In bai yi kama ba, ko mutum ya manta bai sa hannu ba, ba a jefar da ita. Ana ajiye ta gefe, a sanar da mai ita ya zo ya gyara. Sai magoya bayan ɓangarorin biyu suka bazu gida-gida da jerin sunaye a hannu, suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna roƙon mutane su cike takardar gyara. Kullum da yamma wata gunduma ta fitar da ƙarin 'yan ɗaruruwan ƙuri'u, tazarar na raguwa kamar ruwan randa mai tsiyaya. A ƙarshen Nuwamba Gray ya wuce gaba. Ranar 3 ga Disamba Duarte ya amsa shan kaye. Bambancin ƙuri'a 187 ne cikin sama da 210,000, kuma ita ce kujerar ƙarshe da aka warware a duk ƙasar.

Ina so mai karatu ya tsaya a kan wannan lamba. Babu wani ɗan kasuwa a New York ko Paris, komai ƙwarewarsa da lissafi, da zai iya sanin ko wata tsohuwa a Merced za ta buɗe ƙofa ta gyara sa hannunta. Kuma ba wannan ce mafi tsanani ba. A 2020, a mazaɓa ta 2 ta jihar Iowa, Mariannette Miller-Meeks ta doke Rita Hart da ƙuri'a 6.

In farashi ya nuna kashi 70, ɗan takarar ya ci ke nan?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Kashi 70 ba ya nufin zai samu kashi 70 na ƙuri'u. Yana nufin 'yan kasuwa na ganin in za a maimaita irin wannan zaɓe sau 10, zai ci 7, ya faɗi 3. Uku cikin goma ba ƙaramin abu ba ne. Manomin da aka ce masa akwai yiwuwar uku cikin goma a yi ruwa yau ba zai bar hatsinsa a shanye ya tafi kasuwa ba. Ɗan takara na iya zama a kan senti 70 alhali ana sa ran zai yi nasara da tazarar kashi 2 kacal na ƙuri'u.

Ana cewa kasuwa ta fi ƙuri'ar jin ra'ayi faɗin gaskiya. Haka ne?

Masu wannan magana hujjarsu ita ce, wanda aka kira a waya yana iya faɗin son ransa, amma wanda ya sa kuɗinsa dole ya faɗi abin da yake gani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kasuwa kuma ta fi saurin motsi: labari na fitowa farashi zai sauya cikin mintuna, ita kuwa ƙuri'ar jin ra'ayi sai ta ɗauki kwanaki.

Zaɓen shugaban ƙasa na 2024 ya ɗaga darajarsu. Masu jin ra'ayi na cewa kunnen doki ne tsakanin Donald Trump da Kamala Harris, kasuwanni kuwa suka karkata ga Trump, kuma ya ci da ƙuri'un wakilan zaɓe 312 da 226.

Sai dai masu tallar kasuwar ba sa son a tuna musu da 2022. Daren zaɓen wannan shekara kasuwanni sun tsaya a kan cewa Rifablikan za su karɓe Majalisar Dattawa, ana ta maganar guguwar ja, wato gagarumar nasarar Rifablikan, waɗanda ja ne launinsu. Ba ta taso ba. John Fetterman ya kayar da Mehmet Oz a Pennsylvania, Catherine Cortez Masto ta riƙe kujerarta a Nevada da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 8,000 ba, Raphael Warnock ya ci zagaye na biyu a Jojiya ranar 6 ga Disamba, Dimokurat suka ƙare da 51. A wannan karon masu jin ra'ayi sun fi kasuwa kusa da gaskiya. 'Yan kasuwar sun sa a ransu cewa tunda an raina ƙarfin Rifablikan a 2016 da 2020, za a sake rainawa, sai suka yi ta ƙara musu farashi. Su ma mutane ne, suna bin yayi, suna jin abin da junansu ke faɗa. Kuma mafi yawan abin da suke dogara da shi, in ka bi diddigi, ƙuri'un jin ra'ayin ne dai.

A mazaɓa guda matsalar ta fi yawa. Kasuwar shugaban ƙasa ta 2024 a Polymarket an yi cinikin sama da dala biliyan 3 a cikinta. Kasuwar wata kujera ɗaya kuwa takan zama kamar kasuwar ƙauye bayan la'asar, masu saye kaɗan, masu sayarwa kaɗan, da giɓi mai faɗi tsakanin tayi da sallamawa. Ƙuri'un jin ra'ayi a irin waɗannan wurare ba su da yawa, wasunsu ma 'yan takarar ne suka biya aka yi. Farashin da ka gani yana iya zama ra'ayin mutum goma ne.

Mai kuɗi zai iya murɗa farashi don ya ruɗi jama'a?

Zai iya, aƙalla na ɗan lokaci. A 2012, a wata kasuwa mai suna Intrade da ke ƙasar Ireland, wani ɗan kasuwa guda ya yi ta zuba miliyoyin daloli a kan Mitt Romney, ya riƙe farashinsa sama da yadda yake a sauran wurare, har Barack Obama ya ci ya yi asararsu. A 2024 kuma aka ga wasu asusu a Polymarket sun tara takardun Trump na sama da dala miliyan 30. Kamfanin ya tabbatar da cewa mutum ɗaya ne, Bafaranshe, wanda 'yan jarida suka sani da Théo. Shi ya ce ba siyasa ta kawo shi ba; ya biya an yi masa bincike na musamman inda ake tambayar mutane wa suke ganin maƙwabtansu za su zaɓa. Ya dace, kuma an ƙiyasta ribarsa da kusan dala miliyan 85.

A babbar kasuwa, wanda ya tura farashi inda bai dace ba yana ba wasu damar cin kuɗinsa, su kuwa sai su rufar masa har farashi ya koma daidai. A ƙaramar kasuwar mazaɓa ba lallai a samu masu yin hakan da wuri ba. Kuɗin da bai kai na tallan talabijin na kwana ɗaya ba yana iya ɗaga ɗan takara daga 45 zuwa 60, a ɗauki hoton, a yaɗa cewa ya yi zarra. Masu ba da gudunmawa su gani, masu zaɓe su gani. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a duk harkar, domin inda ƙuri'a 187 ke raba gardama, mutum ɗari biyu da suka karaya suka zauna a gida sun isa su sauya wakilin mutum sama da 700,000.

Wanda ke da labarin cikin gida fa?

Ƙa'idojin da Kalshi ta gabatar sun haramta wa 'yan takara, ma'aikatan yaƙin neman zaɓe, 'yan majalisa da ma'aikatansu, da masu aikin jin ra'ayin jama'a shiga irin wannan ciniki. Rubuta doka daban, kama mai karya ta daban, musamman inda ake ciniki da kuɗin kirifto. Birtaniya ta ɗanɗana wannan a 2024, lokacin da aka gano Craig Williams, ɗan majalisa kuma na hannun daman Firaminista Rishi Sunak, ya sa fam 100 a kan cewa za a yi zaɓe a watan Yuli, kwanaki kaɗan kafin a sanar. A 2025 aka gurfanar da shi da wasu mutum 14.

Doka ta yarda da wannan a Amurka?

An daɗe ana kai ruwa rana. Hukumar da ke kula da irin waɗannan kasuwanni ita ce CFTC. A Janairun 2022 ta ci tarar Polymarket dala miliyan 1.4, aka kuma rufe wa mazauna Amurka ƙofa. A 2023 Kalshi ta nemi buɗe ciniki a kan jam'iyyar da za ta mallaki kowace majalisa, hukumar ta ƙi a watan Satumba. Shugabanta na lokacin, Rostin Behnam, ya ce hakan zai mayar da hukumarsa 'yar sandan zaɓe, aikin da ba nata ba. Sanatoci irin su Jeff Merkley da Elizabeth Warren su ma suka yi tir, suna nuni da cewa ƙa'idar ta ba manyan kamfanoni damar zuba har dala miliyan 100.

Kalshi ta garzaya kotu. A Satumbar 2024 Mai shari'a Jia Cobb ta kotun tarayya da ke Washinton ta ba ta gaskiya, tana mai cewa hukumar ta wuce gona da iri. Ranar 2 ga Oktoba kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da hukuncin, aka buɗe ciniki saura wata guda zaɓe. A Mayun 2025, bayan sauyin gwamnati, CFTC ta janye ƙarar da ta ɗaukaka. Ita ma Polymarket a shekarar ta sayi wani kamfani mai lasisi a kan dala miliyan 112 domin ta dawo Amurka, sannan kamfanin da ya mallaki kasuwar hannun jari ta New York ya sanar da zuba mata jarin da zai kai dala biliyan 2. Wasu ƙasashe, ciki har da Faransa da Singafo, sun ɗauke ta a matsayin caca marar lasisi, ba a ciniki da ita daga can.

Wa ke yanke cewa wane ya ci, a biya kuɗi?

Kowace kasuwa na da rubutacciyar ƙa'ida, kuma ita ake bi, ba taken da ke saman shafi ba. A cinikin mallakar majalisa da Kalshi ta kai kotu a kansa, ana duba jam'iyyar wanda ya zama shugaban Majalisar Wakilai ne bayan an rantsar da sabuwar majalisa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2024 Polymarket ta ce sai kamfanin dillancin labarai na AP da tashoshin Fox da NBC duk sun ayyana mutum ɗaya. In an samu saɓani a Polymarket, masu riƙe da wani kuɗin kirifto mai suna UMA ne ke jefa ƙuri'a a kan amsar, mai yawan kuɗi shi ke da yawan murya, kuma an sha yin rigima a kan hukuncinsu. A zaɓen da aka shiga sake ƙirga ko shari'a, kuɗin mutum na iya maƙalewa makonni.

Masu kamfanonin na cewa ba caca ba ce, kasuwanci ne. Ya abin yake?

Suna cewa kamfanin da wata sabuwar dokar haraji za ta shafa yana iya sayen takarda don rage asara, kamar yadda manomi ke ƙulla cinikin amfanin gonarsa tun kafin girbi. Irin waɗannan akwai su, amma ba su ne suka cika kasuwar ba. Shaida ita ce, da Kalshi ta buɗe ciniki a kan wasanni a 2025, nan da nan ƙwallo ta zama mafi yawan harkarta, jihohi irin su Nevada da New Jersey suka taso mata cewa cacar wasanni take yi ba lasisinsu.

Ga Musulmi, tambayar ba sunan da aka raɗa wa abin ba ce, siffarsa ce. Mutum biyu sun sa kuɗi a kan abin da bai faru ba, wanda ya dace ya kwashe na ɗan'uwansa ba tare da ya ba shi komai ba. Wannan ita ce siffar caca da malamai suka bayyana, wadda Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara aya ta 219, ya kuma haramta ta a Suratul Ma'ida aya ta 90 da 91. Ni a ganina ƙwarewa wajen lissafi ba ta sauya wannan siffa, kamar yadda sanin 'yan wasa ba ya halatta cacar ƙwallo. Mai neman fatawa ya tafi wurin malaminsa, amma ya kai masa bayanin yadda cinikin yake daki-daki, kada ya ce masa hannun jari ne kawai. Hannun jari mallakar wani yanki ne na kamfani mai aiki. Takardar "E" ba mallakar komai ba ce.

Matasanmu na tambaya ko za su iya shiga daga nan gida su samu kuɗi.

Shawarata ita ce kada su fara. Mun riga mun ga abin da shagunan cacar ƙwallo suka yi wa unguwanninmu, har Hisbah a Kano ta rufe da dama daga cikinsu a 2024. Wannan kuwa ta fi waccan wuyar sha'ani. Wanda zai saya daga hannunka ko ya sayar maka, mai yiwuwa mutum ne da ya san adadin ambulan da suka rage a kowace gunduma, ya san unguwar da suka fito, yana da manhajar da ke ciniki cikin daƙiƙa. Kai kuma kana Kano ko Maraɗi kana karanta labarin da ya riga ya tsufa da awa biyu, ga kuɗin canjin naira ko sefa zuwa kirifto, ga shi in an yi maka ba daidai ba babu ofishin da za ka kai kuka.

In ba zan sa kuɗi ba, farashin na da wani amfani gare ni?

Yana da shi, in ka san yadda ake karanta shi. Fara duba yawan kuɗin da aka yi ciniki a kasuwar. In kaɗan ne, kada ka ba lambar muhimmanci. Gwada Kalshi da Polymarket da PredictIt, in sun saɓa da yawa to akwai abin dubawa. In farashi ya yi tsalle, nemi labarin da ya jawo. In babu labari, ta yiwu mutum ɗaya ne ya yi babban saye. Sannan ka ajiye shi kusa da ƙiyasin masu nazarin mazaɓu irin su Cook Political Report, waɗanda ke bin kujerun ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru.

Ga zaɓen rabin zango, wato na 'yan majalisa da ake yi a tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa, na ranar 3 ga Nuwamba 2026 akwai ƙarin abu ɗaya. A 2025 jihar Texas ta sake shata mazaɓunta don amfanin Rifablikan, Kalifoniya ta mayar da martani da nata sabon taswira wanda masu zaɓe suka amince da shi ranar 4 ga Nuwamba 2025. Don haka mazaɓa na iya riƙe lambarta ta da, amma garuruwan da ke cikinta sun sauya. Kafin ka gwada farashin wata kujera da sakamakonta na 2024, tabbatar da cewa iyakokinta na nan yadda suke.